Harafin da ke da lamba amma ba shi da suna: tarihin ƙugiya daga Zariya zuwa Dogon Dutsi

A hutun damanar 2011, shekarar da aka yanke Tibiri daga Dogon Dutsi aka ba ta nata yanki, ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Gecheme. A hutun nan ne ɗan marigayi mushen da ya koya mini karatu ya kawo mini wasu kaye guda shida ɗaure da tsumma. Ƴan uwana na Nijeriya kada ku yi dariya, a wurinmu mushe malamin lakwal ne. Marigayin ya yi shekaru yana bin tsofaffin Matankari da Bagaji da Lugu yana rubuta abin da suka ji daga iyayensu, kuma da Hausa ya rubuta, kowace ƙugiya a wurinta. Na buga su a kwamfuta cikin wata biyu, na ba ɗan yayana da ke koyon aikin kwamfuta a Yamai don ya ɗora su a intanet.

Ran da ya kira ni ya ce an gama, na hau babur na je Dutsi inda ake samun intanet na haya. Da na buɗe, sai na ga duk inda na rubuta ƙ ya zama Æ™, ɗ ya zama É—, ɓ ya zama É“. Har sunan Guéchémé, da na bari yadda yake a takardun gwamnati, ya koma GuÃ©chÃ©mÃ©. Kwana biyu bayan nan yaron ya ce ya gyara. Sunayen Faransanci kam sun miƙe sarai. Amma Hausar, ya bi ta ya cire kowace ƙugiya. Na ce masa don me? Ya ce, “Baba, é yana da suna a cikin HTML, shi ya sa na iya kiran sa. Naku haruffan ba su da suna.” Wannan maganar ita ta sa na shiga bin diddigin abin da zan ba ku yau.

Mu fara da abin da kowane ɗan aji biyu ya sani. Bahaushe ba ya haɗa kafa da ƙafa, ko fada da faɗa, ko bari da ɓari, ko baki da baƙi. Malamanmu na ajami sun san haka tun kafin Turawa su zo, shi ya sa galibinsu suka ɗauki ƙaf na Larabci suka ba sautin ƙ, suka ɗauki ɗa mai hannu suka ba sautin ɗ. Turawan farko da suka rubuta Hausa da haruffansu a ƙarni na 19, irin su ɗan mishan ɗin nan J. F. Schön, kunnensu bai cika rarrabe waɗannan sautuka ba. Da aka gane su, sai kowa ya yi tasa dabara: wani ya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa waƙafi a gefensa. Hans Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912 don makarantun Arewacin Nijeriya.

Ƙugiyar da muka sani yau ta samu gindin zama ne a shekarun 1930. A 1926 an kafa wata cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan, kuma masanin nan Bajamushe Diedrich Westermann yana cikin jagororinta. Shawarar da suka bayar ita ce, idan harshe yana da sautin da haruffan Turawa ba su da shi, gara a sake wa harafin siffa da a riƙa jibga masa ɗige-ɗige sama da ƙasa, domin ɗigo yana ɓacewa a wurin ɗab'i, mai rubutu da hannu kuma yana mantawa da shi. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta bi wannan hanya. Littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, su suka shigar da ɓ da ɗ da ƙ gidajen mutane. Ƴan uwanmu Arawa na Kangiwa, da ke hayin iyaka, ta nan boko ya iske su.

Mu da muka faɗa hannun Faransa labarinmu daban ne. Lakwal ɗin Faransa ba ta koyar da kowa rubuta harshensa ba. Wanda ma aka ji yana Hausa a farfajiya, sai a rataya masa abin nan da ake kira sambol a wuya, kuma har zamanin da na shiga lakwal a shekarun 1980 al'adar ba ta mutu ba. Abin da aka rubuta da Hausa a hukumance sunayen mutane ne da na garuruwa, su ma da kunnen Bafaranshe da ƙa'idar rubutunsa. Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi, domin mu a nan “ts” ɗinmu gaban “i” yana fita kusa da “c”, Bature ya rubuta abin da ya ji. Kore Mai Ruwa ya zama Koré Maïroua. Ɗan da ke farkon Dankassari ya rasa ƙugiyarsa, bai sake samun ta ba har yau a kan allon bakin hanya. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba: sunayen garuruwanmu sun samu é da ï, sun rasa ɗ da ƙ.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 ne aka fara gyara. Daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 1966, UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita haruffan harsuna shida na yammacin Afirka, Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci da Mandinko. Daga nan Nijar ta ɗauki haruffa masu ƙugiya a aikin yaƙi da jahilci, ta kuma riƙa ninka dogon wasali, shi ya sa za ka ga tsohuwar jaridar karkara mai suna Saabon Ra'ayii da “aa” da “ii”. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Zinder. A 1978 aka yi wani taron a Yamai kan haruffan Afirka baki ɗaya, a 1980 kuma masanan Nijar da na Nijeriya suka zauna, nan ma a Yamai, don kusanto da rubutun Hausar ƙasashen biyu. A watan Oktoba na 1999 Ma'aikatar Ilimi ta Nijar ta fitar da dokar da ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa. Babban bambancin da ya rage tsakaninmu da Nijeriya a haruffa shi ne mu muna rubuta ƴ, su kuwa sun saba da 'y. Da wannan ƙa'ida na iske ana aiki lokacin da na shiga makarantar horon malamai ta Dosso.

To, a takarda an ba ƙugiya haƙƙinta. Matsalar ita ce na'ura. Keken rubutun da ke ofisoshinmu na Faransa ne: yana da maɓallin é da è da ç da à da ù, ba shi da ko ɗaya daga cikin namu. Na ga da idona yadda ake yi. A buga k, a zare takarda, a bi ta da biro ana lanƙwasa wa kowane harafi kai. Shafi ɗaya sai ya ci rabin sa'a, in mutum ya gaji sai ya bar sauran. Ina jin daga nan ne muka fara sabawa da cewa ƙugiya ado ce, wadda ake sawa idan da hali.

Kwamfuta ta zo ta gaji wannan hali, ga kuma yadda abin ya faru. Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Dole a yi jadawali a ce lamba kaza ita ce A, lamba kaza ita ce B. Jadawalin da Amurka ta fitar a 1963, mai suna ASCII, gurbi 128 kawai gare shi, ya ɗauki haruffan Ingilishi da alƙaluma da alamomin rubutu, shi ke nan ya cika. Faransawa da Jamusawa su ma an bar su a waje, suka yi ta kuka kamar yadda muke yi yanzu. A 1987 aka fitar da wani jadawalin mai gurbi 256, wanda aka fi sani da Latin-1, ya kwashe haruffan yammacin Turai. Da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba wajen 1990, wannan jadawalin ne ke hannu.

Sai dai a lokacin ba kowace na'ura da saƙo zai ratsa ba ce ta yarda da abin da ya wuce ASCII. Saboda haka masu rubuta shafuka da HTML suka yi amfani da wata dabara da suka gada daga tsarin da ya girme shi: maimakon ka aika harafin da kansa, sai ka aika laƙabinsa da haruffan da kowace na'ura ta sani. Ka fara da alamar &, ka rubuta sunan, ka rufe da waƙafi mai ruwa. Idan ka rubuta &eacute; mai karatu zai ga é. Idan ka rubuta &iuml; zai ga ï, &ccedil; kuma ya ba shi ç. Kamar mutum ne zai ƙetare iyaka da kayan da ba a sani ba, sai ya zuba su cikin buhun da masu tsaron iyaka suka saba gani. Har wa yau akwai alamomin da dole a yi musu haka, irin su < da > da ita kanta &, domin HTML yana amfani da su wajen ba da umarni.

Yanzu mu duba su wa aka raɗa wa suna. HTML na huɗu, wanda ya fito a ƙarshen 1997, yana da laƙabi 252. A ciki akwai haruffan Girkanci. Akwai þ da ð na mutanen Aisilan, ƙasar da jama'arta ba su kai rabin miliyan ba. Akwai alamomin karta guda huɗu, kowace da sunanta. A HTML na biyar laƙabin sun haura dubu biyu, yawancinsu alamomin lissafi. Na bi jerin nan tun daga sama har ƙasa: babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba. Waɗanda suka zauna a teburin sun rubuta abin da suke bukata ne, mu kuwa ba mu je wurin rabon ba. Amma sakamakon shi ne Koré Maïroua yana wucewa lafiya lau da hularsa da ɗigonsa biyu, ƙofa da ɗaki kuwa su maƙale a hanya.

Inda ɗan yayana ya yi kuskure shi ne da ya ɗauka rashin suna rashin hanya ne. Tun 1983 hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar da wani jadawali na haruffan Afirka, ISO 6438, don amfanin ɗakunan karatu. Da aka fitar da Unicode a 1991, jadawalin da aka yi da niyyar ba kowane harafi na duniya lambarsa, haruffanmu takwas suna ciki tun bugun farko. Ƙaramin ƙ lambarsa 409, babban Ƙ 408. Ƙaramin ƴ 436, babban Ƴ 435. Ƙaramin ɓ 595, babban Ɓ 385. Ƙaramin ɗ 599, babban Ɗ 394. Za ku lura ɓ da ɗ sun yi nisa da manyansu. Dalili shi ne an ajiye su a sashen alamomin masu nazarin furuci, ba tare da ƴan uwansu ba, kuma wannan na cikin abin da ya sa a da kake samun zubin haruffa mai ɗauke da wani ya rasa wani, sai ka ga ɗan akwati fanko a tsakiyar kalma. HTML kuwa ya yarda a kira harafi da lambarsa. Wanda ya rubuta &#409; zai samu ƙ, wanda ya rubuta &#599; zai samu ɗ, daidai yadda &#233; ke ba da é. Wato tun yaron nan bai shiga lakwal ba hanyar take a buɗe.

Shi kuma Æ™ daga ina ya fito? A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da ake ajiye lambobin Unicode a cikin na'ura. A wannan tsari harafin Ingilishi gurbi ɗaya yake ci, amma é da ƙ kowanne gurbi biyu. Ni na buga rubutuna da UTF-8. Shi kuma yaron ya bi da shi ta cikin wani umarni na harshen PHP mai suna htmlentities, wanda aikinsa shi ne mai da haruffa zuwa laƙabinsu. Kafin bugun PHP na 2012, idan ba ka gaya wa wannan umarni komai ba, sai ya ɗauka rubutunka Latin-1 ne. Sai ya kama gurbi biyun da suka haɗu suka yi ƙ, ya karanta kowanne shi kaɗai, harafi ɗaya ya tsage biyu. Da yaron ya nemi magani, shawarar da ya samu ta Faransawa ce da suke ba junansu, wato jerin é da è da ê da laƙabinsu. Maganin ya yi wa ciwonsu, bai san da namu ba. Gyaran gaskiya bai fi layi biyu ba: a gaya wa umarnin cewa rubutun UTF-8 ne, a kuma rubuta haka a kan shafin. Tun wajen 2008 ma UTF-8 ya riga ya fi kowane tsari yawa a yanar gizo.

Mun gyara, amma sai bayan kusan wata uku, kuma a cikin wata ukun nan wasu sun riga sun kwafe rubutun marar ƙugiya. A kaye na huɗu akwai labarin ranar da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a watan Afrilu na 1899. Tsohon da ya ba marigayi labarin ya ce da baƙin suka iso ƙura ta tashi aka yi faɗa. Shekaru bayan haka wani ya turo mini labarin ta WhatsApp, bai san ni na buga shi ba. An ƙara masa gishiri: wai da Nasara suka iso, sai wata kura ta tashi daga fadar Sarauniya ta tare su. Ƙura ta zama kura, faɗa ya zama fada, mai kwafa ya ga maganar ba ta zauna ba ya cike gibin da kansa. Na rubuta na yi bayani, wasu suka yarda, wani kuwa ya ce ai shi ma ya taɓa jin labarin kurar. Marigayi ya yi tafiyar ƙasa ya zauna gaban tsofaffi don kada a ƙara ko a rage, ga shi mu da hannunmu mun saka dabbar da ba ta je wurin ba. Abin yana damuna har gobe.

Kada mu ɗora wa yaron laifi shi kaɗai, akwai abin da ya horar da mu duka. Lokacin da salula ta shigo, gajeren saƙo yana ɗaukar harafi 160 idan ka tsaya cikin jadawalin da kamfanonin Turai suka tsara, wanda ke da é da è da à. Da zarar ka sa harafi ɗaya da ba ya ciki, irin ƙ, sai saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal. Ke nan ko da wayarka tana da ƙugiya, saƙo ɗaya sai ya zama biyu ko uku, ka biya kuɗin kowanne. Yawancin wayoyin ma ba su da ita. Talaka bai yi wauta ba da ya rubuta “ina kofar gida”. Haka tsara guda ta tashi tana rubuta Hausa kullum, fiye da kowace tsara a tarihi, amma ba tare da haruffa huɗu daga cikin haruffanta ba.

Yau uzurin ya ƙare. Wayar da ke aljihun yawancin malaman lakwal tana iya ɗaukar madannan Hausa, irin na Gboard, kyauta. WhatsApp da Facebook ba sa cajin kowa kuɗin ƙugiya. Mai gina shafi ba ya bukatar laƙabi ko lamba, ya bayyana UTF-8 kawai ya rubuta harafin yadda yake. Abin da aka yi ta fama a kai daga Zariya zuwa Bamako zuwa Yamai ya samu, saura mu. Duk da haka ina karanta saƙonnin abokan aikina, waɗanda ke cire wa yaro maki idan ya manta hular é a jarrabawar shifta, su kuwa suna rubuta “dalibai” da “karshe” ko a jikinsu. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Malami ya ɗauki minti biyar ya sa madannan Hausa a wayarsa, ya nuna wa ɗalibansa. Matasanmu masu koyon gina shafuka su riƙa gwada aikinsu da kalma irin “ƙanƙara” da “ɓarɓashi” kafin su ce sun gama, kada su tsaya ga sunan Guéchémé kawai. Wanda kuma ke da tsofaffin kaye irin na marigayi, ya ɗauki hoton kowane shafi ya ajiye tare da bugun, don in an yi gardama a koma ga hannun mai shi. Hoton kaye na huɗu shi ne hujjata guda a kan kurar nan.

A watan Maris na 2025 sabon kundin da hukumomin Nijar suka fitar ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da na lura da shi dai, a cikin saƙonnin da aka yi ta turawa a ranakun nan, da yawa sun rubuta “harshen kasa”. Na rubuta jimlar a allo na tambayi ƴan ajina abin da take nufi. Wata yarinya ƴar manomi, wadda ta san abin da ke kwance cikin ganye lokacin girbi, ta ɗaga hannu ta ce, “Mushe, kasa ai maciji ce.” Na ba ta alli, ta je ta sa ƙugiyar.

Allah ya jiƙan malamanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana.